Bawul Mai Tsabta da Makomar Masana'antun Abinci a Kwarin Haɗejiya

Gabatarwa

Malam Madori, wanda ke arewa da Haɗejiya cikin Jihar Jigawa, gari ne da layin dogo ya raya. Tun daga lokacin da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru a 1930, tashar garin ta zama matattarar gyaɗa, inda ake jera buhuna ana ta da dala, har sai an sami taragon da zai kwashe su zuwa bakin teku. Ita kuwa gyaɗa kaya ce mai haƙuri. Muddin ta bushe, an kuma rufe ta da tamfol, tana iya yin watanni a fili tana jiran jirgi. Farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974, da annobar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa a 1975, suna cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen wancan zamani.

Arzikin wannan yanki a yau ya koma bakin ruwa. Kogin Haɗejiya da fadamunsa, tare da aikin noman rani na wajen Auyo wanda ke ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, suna ba da shinkafa da alkama da tumatir da tattasai da albasa. Tudun ƙasar yana ba da riɗi da zoborodo. Fadamun kuma su ne mafakar garkunan shanu idan rani ya yi tsanani. To, amma biyu daga cikin waɗannan kayayyaki, wato madara da tumatir, ba su da haƙurin gyaɗa ko kaɗan. Madarar da aka tatso da asuba cikin watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, ba ta kai azahar ba tare da ta fara juyawa ba. Tumatir kuwa kwanaki kaɗan ne tsakanin tsinkarsa da ruɓewarsa.

Saboda haka duk mai hankali ya yarda cewa yankin yana bukatar masana'antun sarrafa waɗannan kaya. Inda ake samun saɓani shi ne irin masana'antar da ta dace. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne: duk wanda zai kafa masana'antar madara, ko ta markaɗaɗɗen tumatir, ko ta zoɓon kwalba a wannan kwari, ko gwamnati ce ko ɗan kasuwa ko ƙungiyar gama kai, to ya fara ware kuɗin bawul masu tsabta waɗanda ke aiki da kansu, kafin ya yi maganar katafaren gini da dogon shinge da bikin yanke ƙyalle. Kuma bai zama dole ya mai da kome da kome na na'ura ba. Akwai wurare uku da ba a sassauci a kansu, sauran kuwa ana iya barin su a hannun ma'aikata har zuwa lokacin da hali ya samu.

Mene ne Bawul Mai Tsabta?

Bawul dai ƙofa ce a jikin bututu, wadda ke buɗewa ko rufewa ko rage gudun abin da ke wucewa. Kan famfon gida bawul ne. Manomin rani ma ya san misalinsa, domin ƙofar ƙarfen da ake ɗagawa a saki ruwa daga babbar hanyar ruwa zuwa ƙanana, aikin bawul take yi. Bambancin yana ga abin da ke gudana a ciki. Idan ruwan ban-ruwa ne, tsatsa da ɗan laka ba su ɓata kome. Idan kuwa abinci ne mai ruwa-ruwa, to kowane ɗan lungu da ke cikin bawul ɗin ya zama ɗakin kwanan ƙwayoyin cuta.

A duba kan famfon tagulla da ake sayarwa a kasuwa. A cikinsa akwai zaren noti, da 'yan ramuka, da kusurwoyin da ruwa ke maƙalewa. Idan madara ta bi ta ciki, wani ɓangare nata zai laɓe a waɗannan wurare, ruwan wanki kuma ba zai kai gare shi ba. Ƙwayar bakteriya ɗaya, idan ta sami abinci da ɗumi, tana iya rabuwa biyu cikin kimanin minti 20. Lissafi ya nuna cewa cikin awa 4 za ta zama 4,096, cikin awa 6 kuwa ta zama 262,144. Ke nan ɗigon madarar jiya da ya kwana a lungun bawul ya isa ya zama irin da zai ɓata tankin yau baki ɗaya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shi bawul mai tsabta an ƙera shi ne don kada a sami wannan tsaga. Da farko, ana yin sa da ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya gano a birnin Shefil na Ingila a 1913. Nau'in da aka fi so a masana'antun abinci shi ne mai lamba 316L, wanda ke ɗauke da sinadarin kuromiyam kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, da nikel kashi 10 zuwa 14, da molibdenam kashi 2 zuwa 3. Wannan haɗi ne ke sa ya jure tsamin tumatir da na zoɓo, waɗanda kan ci tagulla da baƙin ƙarfe su kuma kwashi ɗanɗanonsu. Na biyu, ana goge cikinsa ya yi sumul, ta yadda kaushinsa ba zai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, domin girman ƙwayar bakteriya bai wuce nan da nan ba. Na uku, ba a barin zaren noti a inda abinci ke taɓawa, ana haɗa sassan ne da maɗauri da zoben roba na musamman wanda ke jure zafi da sinadarin wanki. Na huɗu, ana tsara shi yadda idan an tsai da aiki duk abin da ke ciki zai tsiyaye da kansa. Waɗannan ƙa'idoji ba yau aka fara su ba. A Amurka, masu sana'ar madara da jami'an tsabta da maƙeran injuna sun fara tsara ƙa'idojin da ake kira 3-A tun cikin shekarun 1920, a Turai kuma aka kafa ƙungiyar EHEDG a 1989 domin irin wannan aiki.

Bawul ɗin iri-iri ne. Akwai mai faifai, wanda ɗan faifan ƙarfe ke juyawa a cikinsa ya buɗe ko ya rufe, shi ne mafi araha. Akwai mai toshiya, wanda sanda ke sauko da marfi ta danne a kan mazauninsa. Akwai mai tantani, wanda roba ce ke lanƙwasowa ta tare hanya. Sa'an nan akwai mai marfi biyu, wanda ake sawa a inda bututu biyu suka haɗu, alal misali ɗaya na ɗauke da madara ɗaya na ɗauke da ruwan wanki. Tsakanin marafan biyu an bar ɗan fili mai ƙofa zuwa waje, ta yadda idan roba ɗaya ta lalace, abin da ya yoyo zai zubo ƙasa kowa ya gani, maimakon ya sulale cikin abinci ba wanda ya sani.

Yadda Yake Aiki da Kansa

Aikin sarrafa-kai a masana'anta ya ginu ne a kan abubuwa uku: mai ji, da mai yanke shawara, da mai zartarwa. Mai ji shi ne ma'aunin da aka soka a jikin bututu, wanda ke auna zafi ko gudu ko matsi, ya mai da abin da ya auna saƙon lantarki. Mai yanke shawara ƙaramar kwamfuta ce ta masana'anta, irin wadda aka fara ƙerawa a Amurka a ƙarshen shekarun 1960 domin masana'antar motoci, wadda ke kwatanta saƙon da adadin da aka umarce ta ta kiyaye. Mai zartarwa kuwa shi ne bawul, wanda galibi matsattsiyar iska daga kwamfaresa ke motsa shi. Idan zafi ya ragu kaɗan, kwamfutar za ta sa bawul ɗin tururi ya ƙara buɗewa kaɗan, idan ya haura ta sa ya rage. Haka za a yi ta yi, dare da rana, ba gyangyaɗi ba hira.

Wuri na Farko: Ƙofar Mai da Madara Baya

Hanyar kashe ƙwayoyin cuta da matsakaicin zafi ta samo sunanta daga masanin nan na Faransa, Luwi Fasto, wanda ya yi bincike a kai cikin shekarun 1860. A sana'ar madara ana yin ta ta hanya biyu: ko dai a riƙe madara a digiri 63 na tsawon minti 30 a cikin tanki, ko kuma a kai ta digiri 72 na tsawon sakan 15 tana cikin gudu. Wannan zafi ya isa ya kashe ƙwayoyin tarin fuka na shanu, da na bakkale, wato cutar da ke sa shanu ɓari take kuma sa wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da sauran irinsu.

A hanya ta biyu, madara kan fito daga na'urar ɗumamawa ta shiga wani dogon bututu wanda aka auna tsawonsa daidai yadda za ta ɗauki sakan 15 kafin ta fita. A ƙarshen bututun akwai ma'aunin zafi, bayansa kuma akwai bawul mai hanya biyu. Idan madara ta iso da zafin da ake bukata, sai ya bar ta ta wuce zuwa sanyaya da ɗurawa. Idan kuwa ta gaza ko da ɗan kaɗan ne, nan take zai karkata ta ya mai da ita tankin farko a sake dafawa. Babu ma'aikacin da zai iya wannan aiki da hannu, kome ƙwazonsa. Kafin idonsa ya ga allurar ma'auni ta sauka, hannunsa ya kai ga mariƙi, lita masu yawa sun riga sun wuce sun gauraya da sauran.

Wanda ke ganin an cika baki a nan, ya dubi abin da ya faru a Jihar Ilinoi ta Amurka a 1985. Madarar da ta fito daga masana'anta guda, wadda kuma aka sayar a matsayin dafaffiya, ta sa wa mutane cutar salmonela, aka tabbatar da fiye da mutum 16,000 a ɗakin gwaji. Masu bincike sun fi karkata zarginsu ga wani bututu da ya haɗa layin ɗanyar madara da na dafaffiya, wanda bawul ne kawai ke raba su. Masana'anta tana tara madarar ɗaruruwan shanu wuri ɗaya, ta raba wa dubban gidaje. Idan ƙwaryar mai tallan nono ta ɓaci, mutum goma ne za su sha wuya. Idan tankin masana'anta ya ɓaci, gari guda ne. Gwargwadon girman tanki, gwargwadon nauyin amanar da ke kan bawul.

Wuri na Biyu: Wanki ba tare da Kwancewa ba

Kafin shekarun 1950, ma'aikatan madara kan kwance bututu ɗaya bayan ɗaya kullum, su goge da buroshi, su sake ɗaurawa. Aiki ne mai cin awoyi, kuma hannun da ya ɗaura yakan sake shafa dattin da aka wanke. Daga baya aka ɓullo da tsarin wanke injuna a inda suke. Ana fara kora ruwa ya kwashe ragowar madara. Sa'an nan a kora ruwan soda, irin wadda masu sabulu suka sani, mai ƙarfin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari da zafin digiri 70 zuwa 80, domin ya narkar da maiƙo da furotin. A ɗauraye, a kora ruwan asid mai sauƙi domin ya cire ɓawon da madara ke bari a jikin ƙarfe idan ta sha zafi, a sake ɗaurayewa, a ƙare da ruwan zafi. Ana so ruwan ya yi gudun da bai gaza mita ɗaya da rabi a sakan ba, domin gudun ne ke maye gurbin buroshi.

Wanki irin wannan ya dogara da abubuwa huɗu: lokaci, da zafi, da ƙarfin sinadari, da gudun ruwa. Idan an rage ɗaya, tilas a ƙara wani. A nan ne raunin ɗan Adam ke bayyana. Ma'aikacin da ya wuni a tsaye, magariba ta gabato, gida da nisa, abu ne mai sauƙi ya mai da wankin minti 20 ya koma na minti 10, kuma ba wanda zai gane da ido, domin cikin bututu ba a ganinsa. Haɗari na biyu ya fi wannan muni, wato a manta a rufe wata ƙofa, ruwan soda ya shiga tankin da ke da abinci. Idan kwamfuta ce ke jan ragamar bawul ɗin, ba za ta tsallake mataki ba, ba kuma za ta buɗe ƙofar soda ba muddin ƙofar madara tana buɗe. Daɗin daɗawa, tana ajiye tarihin kowane wanki da kowane dahuwa, wanda jami'in Hukumar NAFDAC ko mai saye daga waje zai iya dubawa.

Wannan batu na shaida ba ƙarami ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, kuma haramcin ya shafi mai gaskiya da marar gaskiya baki ɗaya. Kasuwar duniya ba ta karɓar rantsuwa, takarda take nema. Yankin da ke fatan wata rana ya sayar da ruwan zoɓo ko markaɗaɗɗen tumatir a ƙetare, maimakon busasshen zoborodo a buhu, dole ya saba da ajiye shaida tun daga ranar farko.

Wuri na Uku: Abin da Zai Faru Idan Wuta ta Ɗauke

Hujja mafi ƙarfi da masu suka ke kawowa ita ce ta wutar lantarki. Suna cewa ina amfanin na'ura mai aiki da kanta a inda wuta ba ta da tabbas? Tambayar tana kan hanya, amma amsarta ta fi goyon bayan bawul ɗin. Ana ƙera irin waɗannan bawul da sifirin a ciki. Iska ce ke danne sifirin ɗin ta riƙe ƙofa a buɗe. Da zarar wuta ko iska ta yanke, sifirin zai mai da bawul inda ya fi aminci: na tururi ya rufe, na madara ya karkata ta baya. Wato na'urar da aka tsara da kyau ta san abin da za ta yi a cikin duhu, alhali ma'aikaci yana can yana laluben tocila.

Sai dai bawul kaɗai ba ya isa, kuma akwai darasi daga Japan. A shekarar 2000 fiye da mutum 13,000 suka kamu da amai da gudawa bayan sun sha kayan madara na kamfanin Snow Brand. Bincike ya gano cewa asalin abin daga wata masana'antar kamfanin ne a tsibirin Hokkaido, inda wuta ta ɗauke na kimanin awa uku, madara ta zauna cikin ɗumi, wata bakteriya ta yaɗu ta zuba dafi. Da wuta ta dawo sai aka ci gaba da aiki aka mai da madarar gari. Zafi ya kashe bakteriyar, amma dafinta ba ya jin zafi. Idan haka ta faru a ƙasar da ɗaukewar wuta baƙon abu ne, to ina ga inda ta zama ruwan dare? Don haka wajibi ne a rubuta a cikin umarnin kwamfutar cewa duk madarar da ta zauna cikin ɗumi fiye da ƙayyadadden lokaci ba za a buɗe mata ƙofar gaba ba, ko da manaja ya so. Zubar da tanki guda asara ce mai ciwo, shi ya sa bai kamata a bar hukuncin a hannun wanda asarar za ta hau kansa ba. Haka kuma ma'aunai da kwamfuta ba su cin wuta mai yawa, batir da faifan sola sun isa su riƙe su. Manyan masu cin wuta su ne injin sanyaya da kwamfaresa da famfunan tura ruwa, su ne ke bukatar janareta na ko-ta-kwana.

Batun Tsada da na Aikin Yi

Gaskiya ne waɗannan kaya daga waje ake sayo su da kuɗin ƙetare, kuma tun faɗuwar darajar naira a 2023 farashinsu ya yi sama. Amma ƙaramar masana'anta ba ta bukatar ɗaruruwan bawul irin na manyan kamfanonin Turai. Idan an kiyaye wurare ukun da aka ambata, sauran layuka ana iya sa musu bawul mai faifai na hannu, muddin dai mai tsabta ne. Ɗaukar kaya, da tantance tumatir, da jera kwalabe a kwali, duk ana iya barin su ga mutane. Abin da ba ya halatta shi ne a sayi tanki mai ƙyalli domin idon baƙi, sa'an nan a haɗa shi da kan famfon kasuwa da waldar bakin titi domin a rage kuɗi. Araha ba ta ado, a sana'ar abinci kuwa takan kai mutum asibiti, ta kai mai masana'anta kotu.

Masu tsoron cewa na'ura za ta kori ma'aikata su ma suna da abin dubawa. Aikin da bawul ke karɓewa na mutum biyu ne ko uku, kuma aiki ne da dama mutum ba ya iya yin sa daidai. Yawancin aikin yi a wannan sana'a yana wajen katangar masana'anta: masu tatsa, masu tarawa, masu gwaji, masu babura da motoci, masu sayarwa. Ƙasar Indiya ta nuna haka. Ƙungiyar gama kai ta masu madara da aka kafa a garin Anand a 1946, wadda ta haifar da Amul, da shirin bunƙasa madara na ƙasa da aka fara a 1970 ƙarƙashin jagorancin Bagis Kuriyen, sun haɗa injuna na zamani da miliyoyin ƙananan makiyaya masu saniya ɗaya ko biyu, har Indiya ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara a ƙarshen shekarun 1990. Injin yana tsakiya, jama'a suna kewaye da shi.

Akwai kuma wani haƙƙi da ya kamata a kiyaye. A al'adar Fulani, nono da man shanu da kuɗinsu na mata ne, da su suke cefane da suturar yara da kayan ɗakin 'ya'ya mata. Idan masana'anta ta zo ta riƙa sayen madara a bakin garke tana miƙa kuɗin ga mai shanu, to ta tsabtace madara amma ta kwance wa mata zani a kasuwa. Ya dace wuraren tara madara su yi rajistar matan da sunansu, a kuma biya su hannu da hannu.

Abin da Bawul ba Zai Iya ba

Kada a ɗauka cewa na'ura maganin kome ce. Masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa a Jihar Kano, wadda aka buɗe a 2016 da ƙarfin sarrafa tan 1,200 a rana, ta sha tsayawa saboda ƙarancin tumatir, musamman a shekarar da tsutsar tumatir ta cinye gonaki, da kuma saɓanin farashi tsakaninta da kasuwa. Injin da ba shi da abin ci ba shi da amfani, kome kyansa. A ɓangaren madara matsalar ta fi haka, domin saniyar gida irin su bunaji da rahaji ba ta cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba bayan ɗan maraƙi ya sha, garkunan kuma a warwatse suke. Saboda haka hikima ita ce a fara da ƙaramar masana'anta daidai da abin da ake iya tarawa, da wuraren sanyaya madara kusa da rugage waɗanda za su sauke ta zuwa digiri 4 cikin 'yan awoyi bayan tatsa. Dahuwa ba ta gyara madarar da ta riga ta lalace a hanya.

Ruwa ma abin lura ne. Ambaliyar da aka sha fama da ita a wannan yanki, kamar ta 2018 da 2020 da 2022, takan gurɓata rijiyoyi, don haka a kafa masana'anta a kan tudu, a kuma riƙa gwada ruwan rijiyar burtsatse a kai a kai. Ruwa mai gishiri da sinadarin bilic da aka bari ya daɗe a cikin bututu suna huda ko da ƙarfen da ba ya tsatsa, su bar 'yan ramukan da aka kashe kuɗi don a guje musu.

Sai kuma babbar matsala, wato gyara. Zoben roba yana tsufa, dole a canza shi bisa jadawali tun kafin ya fashe. Ma'aunin zafi yana kaucewa, dole a riƙa daidaita shi, domin ma'aunin da ke nuna 72 alhali zafin 69 ne ya fi rashin ma'auni haɗari. Arewacin Nijeriya cike yake da gine-ginen masana'antu da suka zama kufai, wasunsu saboda wani ɗan ƙaramin sashe da ya lalace aka rasa mai gyara ko abin canji. Duk yarjejeniyar sayen injuna da ba ta ƙunshi kayan canji na shekara biyu ko uku da horar da ma'aikatan gida ba, bai kamata a sa mata hannu ba.

A nan ne nauyi ya hau kan makarantu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗejiya, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya da ke Dutse, duk suna kusa da wannan kwari. Ƙaramin layin gwaji mai tanki biyu, da famfo, da ma'aunin zafi, da bawul uku ko huɗu, da kwamfutar masana'anta guda, ya isa ya koya wa ɗalibi yadda ake kwance bawul, da daidaita ma'auni, da rubuta umarnin wanki. Haka nan masu walda na gari suna bukatar horo kan waldar iskar agon, wadda ke barin cikin bututu sumul. Masana'antun shinkafa da ke yankin, waɗanda ke amfani da tururi da ruwan zafi wajen turara shinkafa, su ma za su amfana da irin waɗannan ƙwararru.

Kammalawa

Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo a 2024, kuma maganar rage dogaro da garin madarar ƙetare ta daɗe a bakin hukumomi. Idan wannan magana za ta zama aiki a ƙasar Haɗejiya, to ga abin da ya dace. Hukumomin da ke ba da rance ko fili ko lasisi su sa sharaɗi cewa kowace masana'antar abinci mai ruwa ta mallaki bawul mai mai da abin da bai dahu ba baya, da tsarin wanki mai ajiye tarihi, da tsarin da zai kulle kansa idan wuta ta ɗauke. Masu zuba jari su auna girman injinsu da yawan kayan da za su iya samu. Makarantu su fara horar da masu gyara tun kafin injunan su iso, domin tun ran gini tun ran zane.

A zamanin dalar gyaɗa, Malam Madori ya tara kaya, wasu can suka matse mai suka ci ribar. Wannan karon akwai damar a sarrafa kayan a gida. Amma mai saye, ko a Kano yake ko a Legas ko a ƙetare, abu ɗaya yake so ya tabbatar kafin ya ba ɗansa kofin madara: cewa wadda aka ɗura yau lafiyarta ƙalau kamar ta jiya. Masana'antar da ta iya ba da wannan tabbaci kullum ita ce za ta daɗe, makiyayi da manomin da suka dogara da ita kuma su daɗe tare da ita. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su duba.